Taku Arba'in a Lungun Gwaggo

"Ku ƙara masa! Ɗan banza, maci amana!"

Tun daga bakin titi Mai Sawu ya jiyo ihun. Kafin ya ratsa taron an riga an yaga wa mutumin riga har cibiya, an fasa masa leɓe. Jakarsa ta fata na kwance cikin taɓo, ƙananan kwalabe sun watse, ƙwayoyi farare 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwan tururuwa suna narkewa a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Mai Ɗigo ne. Haka unguwa ke kiransa tun da ya kama shago kusa da na aski wata takwas da suka wuce, yana sayar da wani magani da ya ce ana tsarma shi da ruwa sau ɗari kafin ƙarfinsa ya fito, a ɗiga uku a ƙarƙashin harshe.

"Me ya yi?" in ji Mai Sawu.

Baki goma suka amsa masa lokaci guda. Tela, wanda shi ne sakataren kwamitin unguwa, ya ja shi gefe ya warware masa. Da safen nan bayan ruwa ya ɗauke, maƙwabciya ta shiga aron wuta ta tarar da Gwaggo Mai Saiwa kwance a ɗakin magungunanta, kanta a fashe a gindin turmi, ƙofar baya a buɗe. An kwashe ta zuwa asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Kuma kowa ya ji Mai Ɗigo da ƙarfe bakwai a ƙofarta yana ɗaga murya.

"Ya isa haka!"

Muryar ta tsaga taron gida biyu. Tsohon Hedimasta ne, shugaban kwamiti, tsaye cikin farin kaya da takalmi sau-ciki mai ƙyalli, lema a hannu. Rabin mazan da ke wurin sun sha bulalarsa suna yara, har yau in ya yi tsawa sai su shiga taitayinsu.

"A kulle shi a shagon Tela. 'Yan sanda sun ce motarsu ta fita, sai ƙarfe huɗu za su zo. Kada wanda ya sake taɓa shi."

Mai Sawu ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa. Shekara ashirin da biyu yana auren babbar 'yar tsohon nan, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin ko loma ɗaya a gabansa ba.

"Barka da asuba, Baba."

"Yauwa. Wa ya taso ka? Magana a fili take, ba sai an wahalar da kai ba."

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Tela. "Na ce tun da ƙasa na da danshi, gara a duba."

Hedimasta ya dubi Tela. "To, a duba," ya ce, ya juya baya.

* * *

Shekara talatin Mai Sawu ya yi yana gadin gandun daji, yana bin masu saran itace da masu harbin dabbobi. Tun da ya yi ritaya, akuya ce ta ɓace ko babur aka tura, shi ake kira. Kirarinsa ɗaya ne: "Ƙasa ba ta ƙarya, kuma ƙafar nan tawa ƙarfe ce."

Ƙofar gaba ba ta da abin karantawa, jama'a sun tattake ta kamar an yi dambe. Ɗakin magani kuwa yana nan da warinsa na citta da tafarnuwa da saiwoyi. Jini a gindin turmi. A kan kanta, cikin jerin kwalabe, gurbi ɗaya babu kowa, sai zagayen da gindin kwalba ya bari cikin ƙura.

Ya san kwalbar da ke zama a gurbin nan.

Ya fita ta ƙofar baya. Lungu ne siriri tsakanin katangu, yana gangarawa har kwalbatin da ke bakin kwalta. Duk unguwa an san amfanin lungun nan, amma ba a faɗa. Mata da yara ta ƙofar gaba suke zuwa wa Gwaggo. Maza masu ciwon da ba sa so a sani, su ke bin lungu.

Sawu ɗaya ne a kan danshin, ya shigo ya fita. Silifas ɗin roba, irin wanda kowane magidanci ke da shi a bakin ƙofa, irin wanda ke ƙafarsa shi kansa yanzu. Ya bi shi, Tela da mutum biyar na biye a baya suna raɗa.

Taku sittin. Saba'in. Abin ya fara, kamar kullum. Sharaɓarsa ta dama ta ɗaure tamau, kamar an zagaye ta da waya ana murɗawa. A taku na tamanin ya tsaya cak, ya sunkuya, ya ɗora hannu a guiwa, ya zuba wa ƙasa ido.

"Shiru! Ya ga wani abu," in ji Tela.

Bai ga komai ba. Ƙafarsa yake jira ta sake shi. Shekara biyu ke nan yana wannan wasan. Likita ya gaya masa jijiyoyin jinin ƙafarsa sun tsuke, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya bar taba, ya riƙa dawowa duk wata. Sau ɗaya ya koma, ya hango maƙwabcinsa a layi, ya juya. Mai bin sawu a layin masu ciwon ƙafa? Ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, ya koma bin lungun Gwaggo duk Talata, tana ba shi jiƙo da man shafawa. Duk inda ciwo ya tsayar da shi sai ya sunkuya, mutane na cewa gwani na karatu.

To yana sunkuyen ne ya gani da gaske. Daidai inda ya tsaya, mai silifas ma ya tsaya. Ƙafafu biyu a jere, sun nutse cikin danshi kamar an daɗe a kansu. Nauyi duk a kan ta dama, ta hagu ɗan yatsunta kawai suka taɓa ƙasa. A jikin katanga, tafin hannu da laka.

Ya koma baya yana ƙirge. A taku na arba'in, haka. Ya yi gaba: ɗari da ashirin, haka. Ɗari da sittin. Har kwalbati, sau shida, inda kwalta ta haɗiye sawun.

Mutumin da ya fasa wa tsohuwa kai ya fito, me zai tsayar da shi sau shida a lungu ɗaya?

Mai Sawu ya waiwayi wurin da shi ya tsaya ɗazu. Ƙafafu biyu a jere, ɗaya ta nutse, ɗaya ta ɗage. Kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya faki idon Tela, ya sa ƙafa ya shafe nasa.

"Yaya, Mai Sawu? Me ƙasa ta ce?"

"Tukuna," ya ce. Bai iya ɗaga kai ba.

* * *

A shagon Tela, Mai Ɗigo na zaune a kan buhun ƙyallaye, ya dafe leɓe da yankin atamfa.

"Na je, ban musa ba," ya ce. "Ta gaya wa mata wai sukari nake sayarwa. Na ce ke kuma fa, ruwan ganye? Ta ce ruwan ganyenta ko ba komai yana sa gumi. Na zage ta, ta zage ni har kakata. A bakin ƙofa, wallahi, ko zaure ban taka ba."

"Daga nan ina ka je?"

"Shago. Wa zai shaide ni? Ni baƙo ne. Baƙo ko atishawa ya yi, shi ya kawo mura."

Mai Sawu ya duba ƙafar Mai Ɗigo. Takalmi mai tsini, ƙafafu lafiyayyu. Ya sha ganin mutumin nan yana bin motar haya da gudu, jaka na lilo.

Mai Ɗigo ya rage murya. "Malam, yaya ƙafar ƙanen naka?"

"Wane ƙane?"

"Wanda ka saya wa kwalba biyu watan jiya. Ka ce in ya yi tafiya kaɗan sai sharaɓa ta ɗaure." Ya yi ɗan murmushi da fasasshen bakinsa. "Na tambaya, an ce kai ne auta a gidanku. Ban faɗa wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba, ko sun kai ni gidan yari. Ina dai tuna maka ne cewa ni ma ina da amana."

Mai Sawu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya juya ya fito.

* * *

Mai aski ne ya raɗa wa Mai Sawu sunan Birkila. Bara aka yanke wa mahaifinsa ƙafa, kuma ranar da aka dawo da tsohon gida Birkila ya tsaya a ƙofar Gwaggo ya rantse sai ya ƙona ɗakin magungunanta.

Ya same shi a wurin gini, yana hawa tsani da bulo biyu a ka, ya sauko, ya sake hawa, ko haki ba ya yi. Silifas ɗin roba a ƙafarsa. Mai Sawu ya tsaya yana kallo har sawu biyar, ya san ya yi ɓatan kai. Amma tun da ya zo, ya tambaya.

Birkila ya sauke bulo. Ya goge fuska da gefen riga.

"Ni zan taɓa Gwaggo? Kawu, ka san abin da ya faru kuwa? Tun ranar da yatsan Baba ya fara baƙi ta ce mu kai shi asibiti, ta ce wannan ya fi ƙarfin saiwa. Mu muka ƙi. Muka ce kada a ce mun gaza, muka yi ta yawo da shi gidan masu magani wata biyu. Zagin da na yi mata a ƙofa, kaina nake zagi. Har yau in na hango ta sai in sake hanya."

Ya ɗauki bulonsa. "In ka kama wanda ya yi, ka bar ni da shi minti biyar."

* * *

Da azahar Gwaggo ta farfaɗo. Mai babur ya sauke Mai Sawu har ƙofar asibiti, nas ta ba shi minti uku.

Tsohuwar na kwance, kai ɗaure da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Ɗayan kuwa yana nan da kaifinsa.

"Ɗan nan, yau ba Talata ba ce."

"Gwaggo, wa ya yi miki haka?"

"Santsi ne."

"Santsi ya ɗauke kwalba daga kanta? Santsi ya sa silifas?"

"Shekara arba'in ina wannan sana'a," ta ce a hankali, "ban taɓa kiran sunan wanda ya shigo mini ta ƙofar baya ba. Da ina kira, da kai ma ba ka da sauran hula a unguwar nan."

"An kulle Mai Ɗigo. Ƙarfe huɗu 'yan sanda za su tafi da shi."

Ta runtse ido. "Wancan sakaran? Ko kaza bai iya yankawa ba. Ka ce su sake shi."

"Ba za su ji ba sai an ba su wani."

Sai ta kamo hannun rigarsa.

"Ban ga kowa ba. Amma in ƙasa ta nuna maka wanda ya ɗauki kwalbar, ka gaya masa ba kwalbata nake nema ba. Jiƙon nan ɗumi yake sawa, ba ya buɗe abin da ya toshe. Abin da na gani a ƙafarsa ba ya jiran mako. Ya zo asibiti yau, ko dai ƙafar, ko dai shi." Ta ƙara matse rigar. "Kai kuma, kana shan na likita tare da nawa, kamar yadda na ce?"

"Ina sha."

"Maƙaryaci," in ji Gwaggo, ta sake shi.

* * *

Ƙarfe uku saura ya sauka a bakin titin unguwa, ya zauna a bencin mai aski yana jiran ƙafarsa ta huce. Magidanta nawa ne a unguwar nan ke ɓoye ciwo irin nasa? Ba zai bi gida-gida yana ɗaga wa mutane wando ba.

Sai ya hango Hedimasta ya fito daga gida, zai nufi shagon Tela. Tafiyarsa ta kullum, ƙirji a gaba, lema na taɓa ƙasa. Ya tsaya wurin mai kayan miya, ya gaishe ta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce. Ya tsaya wurin mai faci, ya yi masa faɗa a kan baƙin man da ya zubar a hanya. Kowa ya san halin tsoho, ba ya wuce mutum bai yi masa gaisuwa ko nasiha ba.

Mai Sawu bai yi niyyar ƙirgawa ba. Bakinsa ne ya saba.

Daga mai faci zuwa inda tsohon ya tsaya yana duba agogo: arba'in. Daga agogo zuwa turken lantarki, inda ya dafa yana karanta wata takarda da aka manna tun bara: talatin da tara. Kuma a kowace tsayuwa, ƙafar hagu a ɗage, kan takalmin kawai ke taɓa ƙasa.

Wannan ne mutumin da ya ba shi 'yarsa lokacin da dangi suka ce ba a ba mai gadin daji mai ilimi. Wannan ne mutumin da ke cewa a taron kwamiti maganin gargajiya jahilci ne a kwalba.

Ya tashi ya tare shi a gindin turken, ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Baba, daga asibiti nake. Gwaggo ta farka. Ta ce santsi ne."

Ya ji numfashin tsohon ya sauka.

"Amma ta ba da saƙo ga wanda ya ɗauki kwalbar. Ta ce ya zo asibiti yau. Ta ce abin ba ya jira."

Takalman nan masu ƙyalli na gaban idonsa. Na hagu igiyarsa a kwance take, an sassauta ta har ƙarshe.

"To sai ka nemo shi ka gaya masa," in ji Hedimasta. "Ni me ya haɗa ni?"

"Baba, mutumin can ba shi da laifi."

"'Yan sanda za su tantance. Tashi, kana tare mini hanya."

* * *

Ƙarfe uku da rabi Mai Sawu ya ce a tara kowa a bakin lungu. Aka fito da Mai Ɗigo. Birkila ya zo da siminti a jiki. Mai aski, mai faci, maƙwabciyar Gwaggo, Tela da littafinsa, Hedimasta a gefe ya dogara da lema. Matar Mai Sawu ma na can baya cikin mata, ya hango gyalenta ya kau da kai.

Ya nuna musu tsayuwa shida. Ya sa Mai Ɗigo ya bi lungun har kwalbati ya dawo, mutumin ya je ya dawo kamar iska. Birkila ma haka.

"Wanda ya yi abin nan ba ya iya wuce taku arba'in sai ya tsaya," in ji Mai Sawu. "Ciwo ne. Jini ba ya isa ƙafarsa. In ya yi tafiya sai sharaɓa ta ɗaure, dole ya tsaya ko da wuta ce ke binsa."

"Kai likita ne?" in ji mai faci. "Ƙila tsayawa yake yana sauraro ko ana binsa. Ina ka san ciwo ne?"

"Haka ne," aka amsa. "A tafi da baƙon kawai!"

Mai Sawu ya juyo ya fuskance su.

"Na sani ne domin ni ma ina da shi."

Kowa ya zuba masa ido.

"Shekara biyu. Duk sunkuyon da kuke gani ina yi kuna cewa karatu nake, rabi ƙafata nake jira. Ƙafar da nake ce muku ƙarfe ce, taku tamanin take yi. Na ɓoye maganin likita, ina bin lungun nan duk Talata kamar ɓarawo. Na san wannan tsayuwar kamar yadda na san sunana."

Wani ya yi dariya, gajeriya, mai zafi. Ya ji ta har ƙashinsa.

Sai mai aski ya ce, a hankali, "To tsaya. Kana da ciwon. Kana bin lungun. Ga silifas a ƙafarka."

Tela ya ɗago daga littafi. "Kuma da safe na ga ka shafe wani sawu da ƙafa. Na gani, na yi shiru."

"Nawa tamanin ne, wannan arba'in."

"Wa ya ƙirga maka? Kai ka faɗa!"

Birkila ya riga ya iso. Ya cakumi wuyan rigar Mai Sawu ya ɗaga shi har sai da dugadugansa suka bar ƙasa. "In ba kai ba ne, wane ne? Ka san shi, na gani a idonka. Faɗi sunansa!"

Sunan na nan a bakinsa. Taku biyar ne tsakaninsa da mai sunan. Ya tuna gyalen da ke can baya cikin mata. Ya rufe ido, ya rufe baki, ya jira mari.

Marin ya sauka. Hularsa ta faɗi cikin laka.

"Sake shi."

Ba tsawa ba ce wannan karon. Murya ce ƙarama, kamar ta wanda ya kwana bai yi magana ba. Hedimasta ya miƙa wa Tela lemarsa. Ya taka zuwa ƙofar baya ta Gwaggo, ya juya ya fuskanci lungu.

"Ni na koya wa yawancinku ƙirga," ya ce. "Ku ƙirga."

Ya fara tafiya. Ba wanda ya buɗe baki, amma leɓuna na motsi. Ashirin. Talatin. Kafaɗunsa suka fara karkata. Talatin da takwas, yana jan ƙafar hagu. A na arba'in ya tsaya, ya kai hannu ya dafa katanga, tafinsa ya sauka cikin tafin lakar da ke wurin tun safe, bai rage ba bai ƙara ba.

Wata mata ta yi salati a hankali.

Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Ya cire takalmin hagu, ya zare safa. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, warin ya iso har inda suke. Ya zaro kwalba daga aljihu ya ajiye a gefe.

"Ta ƙi ba ni," ya ce, yana kallon ƙafar. "Ta ce in ban je asibiti yau ba za ta gaya wa 'yata. Na ɗauka da kaina. Ta riƙe mini riga, na fizge. Na ji ƙarar kanta a jikin turmi." Ya numfasa. "Sau shida na tsaya a lungun nan. Kowace tsayuwa ta ishe ni in koma in ɗaga ta. Ban koma ba. Na je gida na sake takalmi, na zo na tsaya ina kallo kuna dukan bawan Allah."

Ba wanda ya iya kallon wani. Birkila ya duba hannunsa kamar ba nasa ba. Mai Ɗigo ya tsaya da yagaggiyar riga, mutane na buɗe masa hanya kowa kai a sunkuye.

Motar 'yan sanda ta iso ƙarfe huɗu da kwata. Hedimasta ya gaya musu komai da bakinsa. Babbansu ya kalli ƙafar sau ɗaya ya toshe hanci, ya ce asibiti tukuna, sauran magana daga baya. Birkila ne ya ɗauki tsohon kamar jariri ya sa shi a mota.

Matar Mai Sawu ta zo za ta shiga bayan mahaifinta. Idonta ya yi ja. Ta tsaya a gabansa, ya kasa ɗago kai. Ta sunkuya ta tsinci hularsa, ta kakkaɓe, ta danƙa masa a hannu.

"Ni nake gyara katifar nan kullum, Malam," ta ce. "Na san abin da ke ƙarƙashinta. Gobe ni da kai za mu shiga layin, kowa ya gan mu."

Mota ta tashi.

* * *

Rana ta yi sanyi, lungu ya watse. Mai Sawu na zaune a kan kwalbati, hula a guiwa, kuncinsa na zafi. Masu wucewa na gaishe shi da sauri ba sa tsayawa. Ya san daga yau ko akuya ta ɓace, sai an yi shawara kafin a aiko masa.

Wata baƙar mota mai laka har gilashi ta sauka daga kwalta ta tsaya a gabansa. Mace ce ke tuƙi, doguwa, mai tabarau, bai taɓa ganinta ba. Ta fito ba ta ko kashe injin ba.

"Kai ne mai bin sawu?"

Kirarin ya zo masa har leɓe. Ya haɗiye shi.

"Ni ne. Amma ki sani, taku tamanin nake yi in tsaya."

"Ko goma kake yi, ina da mota." Ta matso kusa da shi. "Mijina shekara huɗu yana kan keken guragu, ko cokali ya faɗi sai an ɗauko masa. Yau na dawo daga aiki na tarar da keken a tsakar gida ba kowa a kai. Akwai sawu daga gindin keken har bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi."

"Sawun wanda ya ɗauke shi ke nan."

"Mijina yatsa huɗu gare shi a ƙafar dama," ta ce. "Sawun ma haka."

Mai Sawu ya dube ta. Ya sa hularsa, ya dafa kwalbati ya miƙe.

"Kin bar wani ya taka wurin?"

"Na kulle gidan."

"Buɗe mini mota," ya ce.